Raina kotu a shari'ar aure, ciyarwa da riƙon yara: tambayoyin da aka fi yi min da amsoshinsu

A matsayina na lauya, kusan kullum sai an tare ni da wannan magana, a bakin kotu, a gidan biki, har a ƙofar masallaci bayan an idar da salla, kuma tambayoyin nan dai su ne suke ta maimaita kansu, yau daga bakin mace gobe daga bakin namiji. Shi ya sa na ga gara in tattara su wuri guda. A kan Najeriya nake magana, musamman jihohinmu na Arewa, kuma a sani kowace jiha da nata dokokin tafiyar da kotunan shari'a, dan haka abin da na faɗa a nan ba zai hana ka ɗaukar takardarka ka kai wa wanda ya san aikin ya duba ba.

Wai mene ne ma raina kotu? Ba zagin alƙali ba ne kawai?

Zagin alƙali yana ciki amma shi ne ƙaramin ɓangare. Iri biyu ne. Akwai wanda ake yi a gaban kotu ido na ganin ido, kamar ka ɗaga wa alƙali murya, ko ka kai wa tsohuwar matarka mari ana tsakiyar zama, ko a yi ta ce maka ka yi shiru ka ƙi. Akwai kuma wanda ake yi a bayan idon kotu, wato kotu ta ba da umarni ka fita ka yi biris da shi. A shari'ar iyali na biyun nan shi ne ruwan dare: an ce ka dinga ba da kuɗin ciyarwa ka ƙi, an ce ka mayar da yara hannun uwarsu ka ƙi, an ce ki bar uba ya ga 'ya'yansa ranar Asabar kin kulle ƙofa, an ce kar a taɓa gidan gado sai an gama shari'a wani ya je ya sayar.

Barista, kotu ta yanka wa tsohon mijina kuɗin ciyar da yara, yau wata biyar ko sisi bai kawo ba. Zan iya sa a ɗaure shi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce yawa, kuma amsar ita ce zai iya yiwuwa amma ba da shi ake farawa ba, kuma ba ke za ki ɗaure shi ba, kotu ce za ta duba.

Abu na farko 'yar uwa, ki je wurin rajistara ki karɓi kwafin hukuncin mai hatimi. Ba abin da kika ji alƙali ya faɗa da baki ba, wanda aka rubuta. Na sha ganin mace ta zo tana rantsuwa an yanka masa dubu 30 duk wata, a buɗe littafin kotu a tarar abin da aka rubuta shi ne "ya ci gaba da kula da yaransa gwargwadon hali", to wannan ai ba abin da za a kama mutum da shi, dan in ya kawo kwanon masara guda ya ce shi ne halinsa wa zai ƙaryata shi nan take? Umarnin da ake iya hukunta mutum a kansa shi ne wanda ya faɗi nawa ne, ranar nawa ga wata, kuma a hannun wa za a bayar. In naki bai faɗi haka ba ki fara komawa ki roƙi alƙali ya fayyace.

Na biyu ki yi lissafi a rubuce, wata kaza bai bayar ba, wata kaza ya ba da rabi. In ta banki yake turowa ki ciro sitatimen. Kar ki ƙara ko naira ɗaya a kai dan haushi, da zarar ya fito da alat ɗaya da kika ce bai turo ba shi ke nan alƙali ya fara kallon sauran maganarki da shakka.

Na uku sai ki koma kotun da ta yi hukuncin ki nemi a aiwatar. Za a aika masa da sammaci ya zo ya yi bayani. A nan ne ake rarrabe wanda ba shi da shi da wanda yake da shi ya ƙi. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin wannan rarrabewar, hadisi ya ce jinkirin mawadaci wurin biyan bashi zalunci ne, Alƙur'ani kuma a Baƙara aya ta 280 ya ce a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu. To in kotu ta gamsu yana da hali taurin kai ne kawai, tana iya sa a kama kadararsa a yi gwanjo, tana iya tsare shi har ya biya ko ya kawo wanda zai tsaya masa. A babbar kotu da kotun majistare akwai ma hanyar da ake bi a tare kuɗinsa da ke banki, a umarci bankin ya biya daga ciki, in kuma auren rajista ne dokar 1970 ta shari'ar aure ta ba da damar a dinga cira daga albashinsa tun kafin ya shigo hannunsa.

Ni a ganina in mutum ma'aikaci ne ko yana da shago, bin kuɗin ya fi bin ɗaurin amfani nesa ba kusa ba. Wanda yake kwance a gidan yari ba ya fita kasuwa, yaran kuma tuwo suke jira. Amfanin barazanar ɗauri shi ne tana sa 'yan uwansa su tashi tsaye, yayan da shekara biyu ana kiransa ba ya ɗagawa sai ki gan shi a bakin kotu da kuɗi a leda kafin la'asar.

Ina jin lauyoyi suna cewa Fom 48 da Fom 49, mene ne su?

Takardu biyu ne da ake bi a babbar kotu da makamantanta idan umarnin ba na biyan kuɗi ba ne, kamar miƙa yaro ko barin gida ko dakatar da sayar da fili. Tushensu sashe na 72 na dokar aiwatar da hukunce-hukuncen kotu ta tarayya da ƙa'idojin da ke ƙarƙashinta. Fom 48 gargaɗi ne, ana haɗa shi da kwafin umarnin a kai wa mutum hannu da hannu, yana ce masa in ba ka bi wannan ba ka raina kotu kuma za a iya kai ka gidan yari. In an ba shi ya ci gaba da ƙi, bayan aƙalla kwana biyu cikakku sai a nemi Fom 49, shi kuma kira ne ya zo ya faɗi dalilin da zai sa kar a ɗaure shi.

Inda mutane suke faɗuwa shi ne wurin kai takardar. Masinjan kotu ya je bai same shi ba ya miƙa wa yaron shago, ko ya ba matarsa ta biyu, ko ya soka a ƙofa, sai a dawo a ce an kai. Lauyan da ya san aikinsa a nan zai tsaya, kuma sau da yawa a nan maganar take mutuwa a koma farko, saboda magana ce ta 'yancin mutum kotuna ba sa yarda a tsallake mataki ko ɗaya. In yana ɓuya ne da gangan to sai an roƙi kotu ta ba da izinin a kai ta wata hanyar, kamar liƙawa a gidansa, ba masinja ne zai yanke wa kansa ba.

Kotunan shari'ar Musulunci suna da nasu tsarin da bai kai wannan yawan takardu ba, sammaci ne, in ya ƙi zuwa a ba da warantin kamo shi, amma asalin abin ɗaya ne, sai ya sani kuma sai an ji ta bakinsa.

A Hisba muka yi sulhu, ya sa hannu zai dinga ba da kuɗin, yanzu ya daina. Ya raina kotu kenan?

A'a. Hisba ba kotu ba ce, haka gaban mai unguwa ko dagaci ko ofishin 'yan sanda. Takardar da ya sa wa hannu hujja ce mai kyau, ki riƙe ta da kyau, amma sai kin kai ta kotu alƙali ya mayar da ita hukunci sannan saɓa mata zai zama raina kotu.

Ya zo ya ɗauki yaran da sunan hutun salla, yau wata biyu ya ƙi dawo da su, alhali kotu ni ta ba riƙo. Me zan yi?

Kar ki tara ƙannenki ku je ƙwato su. Na san abin da zuciya take raya miki kenan, amma ranar da aka yi haka maganar ta tashi daga shi ya saɓa umarni ta koma ku kun shiga gidan mutane kun yi faɗa, sai ki ga ke ce a gaban majistare ana neman mai tsaya miki beli. Kotun Ƙoli tun a shari'ar Gwamnan Legas da Ojukwu a 1986 ta yi tir da ɗaukar doka a hannu, kuma gwamnati ce ma aka yi wa faɗan a lokacin balle ni da ke.

Ki koma kotu da wuri, gobe in da hali. Dalilin gaggawar shi ne duk kwanan da yaran suka ƙara a can ana gina masa hujja ne, zai sa su a makaranta, ya sa su a islamiyya, in an zo gaban alƙali ya ce yara sun riga sun saba ga jarrabawa ta matso, alƙali kuma dole ya duba maslahar yaran kafin komai. Ki tafi da kwafin hukuncin, da saƙonnin da kika tura masa kina cewa ya dawo da su da amsar da ya ba ki, da mutum ɗaya ko biyu da suka san ranar da ya ɗauke su. Kotu za ta iya sa masa rana da lokaci ya kawo su gabanta, in ya ƙi ta tura ma'aikatanta da 'yan sanda su ɗauko su, shi kuma ya fuskanci hukunci.

Amma ki shirya wa abin da zai zo da shi. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi, uwa ita ta fi cancanta da reno, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Sai dai in uwar ta yi wani aure da wanda ba muharramin yaran ba kuma ta tare, haƙƙin yana tashi daga kanta. To a nan maza da yawa suke yin kuskure, da sun ji ta yi aure sai su ce shi ke nan yara sun zama nasu. Ba haka ba ne, kakar yaran ta wurin uwa ce take biye, sannan 'yar uwar uwa, uba yana can baya a layi. Kuma ko da a ce shi ne ya cancanta, ba shi zai yanke wa kansa ba, sai ya shigar da ƙara kotu ta canza hukuncin farko. Kafin nan tsohon umarnin yana nan daram.

Tunda ba ya biyan kuɗin ciyarwa, ni ma zan iya hana shi ganin yaran ai?

Ba za ki iya ba in dai kotu ta ba shi ranar gani. Umarni biyu ne daban, kowa da nasa a wuyansa. Haka kai ma malam, ba za ka ce ta hana ka gani ba dan haka ka tsayar da kuɗi. In kuka yi haka ku biyun kun zama masu laifi a gaban alƙali ɗaya, kuma wanda ya zo neman a hukunta wani alhali shi ma yana saɓawa da wuya a saurare shi da daɗin rai. In akwai tsoro na gaske, misali yana zuwa a buge ko yana dukansu, ki garzaya kotu ki nemi a dakatar da ziyarar ko a mayar da ita gidan kakanni a gaban wani babba.

An kawo min takarda wai na raina kotu, ana neman a ɗaure ni. Ta ina zan kare kaina?

Ka je. Kafin komai ka je ranar da aka sa. Rabin waɗanda na gani an tasa ƙeyarsu ba ainihin laifin ne ya kai su ba, ƙin zuwa ne, sammaci ɗaya biyu uku sai waranti, a zo a ɗauke ka a bakin shago gaban yaranka na kasuwa.

Duk da cewa shari'ar ta iyali ce, tunda ɗauri ake nema kana da kariyar da sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa, a gaya maka takamaiman abin da ake zarginka da shi, a ba ka lokacin shiri, ka zo da lauya in kana so, ka kawo shaidunka. A babbar kotu ma'aunin da ake sa wa mai ƙara shi ne na shari'ar laifi, wato sai ya tabbatar babu sauran kokwanto.

Abubuwan da ake dubawa su ne, shin an ba ka umarnin kuwa, ko kana nan aka yanke shi. Shin umarnin a fayyace yake, dan in an ce "ya dinga ganin yara lokaci-lokaci" ba wanda zai ce ga ranar da aka saɓa. Shin kai aka umarta ko wani, misali an umarci mahaifinka a matsayin waliyyi aka zo aka kama kai. Shin da gangan ka ƙi ko abin ya fi ƙarfinka, kamar an ce ka kawo yaro ranar Litinin yaron yana kwance a asibiti, to ka zo da katin asibitin. Shin kotun ma tana da hurumi, dan auren rajista babbar kotu ce kaɗai take raba shi, sashe na 277 na tsarin mulkin kuma ya lissafa abin da ya shafi ɓangaren shari'ar Musulunci, aure da riƙon yara da ciyarwa da gado da wasiyya da waƙafi.

Sai abin da ya fi duk waɗannan aiki a zahiri, ka gyara kafin ranar. Akwai wani bawan Allah da bashin wata bakwai ya taru a kansa, direban mota ne, na ce masa ya nemo ko na wata biyu ne. Ya sayar da wayarsa ya haɗa da abin da ƙanwarsa ta ba shi, ya zo kotu da kuɗin a ɗaure da kyauro a aljihun gaba, da aka kira shi bai tsaya dogon bayani ba ya ce Allah ya gafarta malam na yi kuskure, ga abin da na samu, sauran a raba min. Alƙalin ya daɗe yana kallonsa ta saman tabarau, sannan ya juya ya tambayi matar ko ta yarda, ta yi shiru tana murza bakin hijabi can ta ce in dai zai cika. Aka raba masa wata shida ya koma gida a ranar. Wanda aka kira bayansa kuwa da manyan kaya ya zo yana kaɗa mukullin mota yana cewa shi ba shi da ko kwabo, a motar gidan yari ya bar harabar.

Na ɗaukaka ƙara ai, dole ne in ci gaba da bin hukuncin?

Dole ne. Ɗaukaka ƙara kaɗai ba ta tsayar da hukunci, sai ka shigar da roƙo na daban ka nemi a dakatar da aiwatarwa kuma an amince. A kan kuɗin abincin yara kuwa kar ka sa rai sosai, alƙalai ba sa son dakatar da shi dan ciki ba ya jiran Kotun Ɗaukaka Ƙara.

To in hukuncin zalunci ne ƙarara fa?

Ko da kana ganin kuskure ne tsantsa, ƙa'idar ita ce ana bin umarnin kotu har sai wata kotu ta soke shi. Ka karɓi kwafin shari'a ka ɗaukaka ƙara cikin wa'adi, kar ka zauna kana huci har kwanakin su wuce. In kuma kana zargin alƙalin da kansa ne da son kai ko karɓar wani abu, hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta jiha ake rubuta wa koke, kuma kana iya neman a mayar da shari'ar gaban wani alƙalin.

Wallahi ba ni da shi, an sallame ni daga aiki. Talauci ma laifi ne?

Ba laifi ba ne, Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 7 ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Laifin shi ne shirun da ka yi. Ranar da aka ba ka takardar sallama ya kamata ka kai ta kotu ka ce a rage min, ba ka bari wata takwas ya taru ba sannan ka tuna. Kuma ka sani da'awar babu sai da hujja, za a tambayi maƙwabta, za a duba yadda kake rayuwa, in a cikin watannin nan ka ƙara aure ko ka sa hoton sabon babur a sitatus to ka taimaki kanka kar ma ka fara wannan maganar, dan na ga an buɗe waya a gaban alƙali an nuna hoton lefe akwati shida na mutumin da ya gama rantsuwa bai da na cefane.

Raina ya ɓaci a gaban alƙali na faɗi magana, yanzu me zai biyo baya?

Wannan shi ne irin da alƙali yake iya hukuntawa nan take tunda a gabansa aka yi, kodayake ko a nan ma sai ya gaya maka abin da ka yi ya ba ka dama ka yi magana. Sashe na 155 na Final Kod, dokar laifuka ta Arewa, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai wata shida ko tara ga wanda ya ci mutuncin mai shari'a ko ya katse masa zama da gangan. A Kudu sashe na 133 na tasu dokar laifukan ne, wata uku.

Wani abin sha'awa, littafin fiƙihun Malikiyya na Muhtasar na Shehu Halil ya kawo cewa alƙali yana ladabtar da wanda ya munana masa, amma ya cire wanda ya ce masa ka ji tsoron Allah a lamarina, ya ce wannan a tausasa masa. Kenan ba duk maganar da ta yi wa alƙali ɗaci ce raini ba. Sai dai kar wani ya ɗauki wannan ya je yana gwadawa. In ta riga ta faru ka ba da haƙuri tun a wurin, ba tare da "amma" ba, yawanci a nan take ƙarewa ko a sa ka zauna a benci a bayan kotu har a tashi.

Na yi bidiyo a TikTok na faɗi yadda alƙalin ya yi min, za a iya kama ni?

Faɗin cewa ba ki gamsu da hukunci ba ba laifi ba ne. Cewa an saye alƙali ba tare da hujja ba, ko zaginsa, ko tsoratar da shaidu ana cikin shari'a, wannan kam zai iya jawo miki tuhuma, kuma ba ta raina kotu kaɗai ba har da ɓata suna. Irin wannan da ya faru a waje ƙa'ida ita ce ba alƙalin da aka zaga ne zai zauna ya yi shari'ar da kansa ba, gaban wani ake kaiwa, mutum ba ya zama alƙali a shari'ar kansa. Ni abin da ya fi damuna a bidiyoyin nan ma fuskokin yaran ne da ake nunawa ana faɗin abin da ubansu ya yi, shekara goma nan gaba suna nan a intanet, kuma ɗaya ɓangaren zai sauke ya kawo wa kotu a matsayin hujjar ba ki dace da riƙo ba.

In an ɗaure mutum, wata nawa zai yi? Kuma bashin ya faɗi kenan?

Ya danganta da irin rainin. In na ƙin bin umarni ne, sashe na 72 ɗin can cewa ya yi a tsare shi har sai ya bi, shi ya sa ake cewa mukullin yana aljihunsa, ya miƙa yaron yau lauyansa ya shigar da roƙo a sake shi. In na cin mutuncin kotu ne wa'adi ake yanka masa ko tara. Bashin ciyarwa kuwa zaman gidan gyaran hali ba ya goge shi, ya fito ya tarar da abinsa yana jiransa.

Kotu ta ce in koma ɗakina na ƙi, za a ɗaure ni?

A auren rajista dokar 1970 ta faɗa a fili cewa ba a tilasta hukuncin komawa zaman aure ta hanyar kama mutum. A ɓangaren fiƙihu kuma abin da aka sani shi ne matar da ta ƙi komawa ba da dalili ba ciyarwarta tana faɗuwa, ba ta yaran ba, sannan akwai hanyar naɗa masu sulhu biyu ɗaya daga danginsa ɗaya daga naki kamar yadda Nisa'i aya ta 35 ta ce, akwai kuma hul'i ki mayar masa da sadaki ko abin da aka daidaita. In duka ne ko yunwa ta fito da ke ki faɗa a gaban alƙali ki kawo shaida, kar ki yi zamanki a gida kina ƙin amsa sammaci, dan ƙin amsa kiran shi ne abin da zai sa a aiko a ɗauke ki, ba ƙin mijin ba.

Ya tsallaka da yaran zuwa Maraɗi ta Nijar wurin danginsa, umarnin kotun Katsina zai yi aiki a can?

Da kansa ba zai yi ba, masinjan kotunmu iyakarsa boda. Najeriya kuma ba ta cikin yarjejeniyar Heg ta 1980 da ƙasashe suke mayar wa juna yaran da aka gudu da su. Abin da ya rage shi ne a matsa masa ta nan in yana shigowa ko yana da dukiya a nan, a nemi lauya a can ya shigar da magana a kotunsu, sannan a bi ta hannun manya da sarakuna, wanda sau tari ya fi saurin kawo yaran tunda dangin nan da can ɗaya ne. In tun farko kina jin ƙishin-ƙishin zai gudu da su ki nemi kotu ta hana fita da su daga jihar, ta kuma karɓi fasfo ɗinsu in suna da shi.

Ba ni da kuɗin lauya, ina zan nufa?

A kotun shari'ar Musulunci ba dole sai da lauya ba, mata da yawa da bakinsu suke yi ko su zo da wakili daga dangi. In magana ta kai babbar kotu ko ana neman ɗaure ka, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya da take da ofis a manyan biranen jihohi, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa. Duk inda za ki je ki tafi da kwafin hukuncin da lambar shari'ar, ki yi hoto biyu ki bar ɗaya a gida, kuma duk kuɗin da kika biya a rajista ki ce a ba ki rasit.